Hoton ƙirji a kwanakin farko na nimoniyar bairos: me yake nunawa, kuma a wace rana?

Idan aka miƙa wa likitan hoto eksiren ƙirjin mutumin da ke fama da zazzaɓi da tari da haki, abin da ya kamata ya fara nema, tun kafin ya ɗaga hoton a haske, shi ne: yau kwana nawa ke nan da fara ciwon? Hoton da ya fito tas a rana ta 2 bai wanke mara lafiya ba, domin mai yiwuwa ɓarnar tana tafe. Wanda ya fito tas a rana ta 12 kuwa albishir ne babba. Hotunan iri ɗaya ne a ido, lissafin kwanaki ne ya raba fassararsu, kuma shi ne abin da aka fi mantawa a rubuta a takardar neman hoto. Takardar da ba ta ɗauke da komai sai "tari da zazzaɓi" ta bar mai karanta hoton yana lalube.

Annobar korona ce ta tabbatar da wannan da alƙaluma. Kafin ita an ga SARS a 2003, da murar H1N1 a 2009, da MERS wadda ta ɓulla a Saudiyya a 2012, dukansu suna ɓata huhu ta hanyoyi masu kama da juna. Sai dai ba a taɓa ɗaukar hoton ƙirjin mutane masu yawa, ana maimaitawa bayan 'yan kwanaki, kamar yadda aka yi a Wuhan ta ƙasar Sin daga Disamban 2019 ba. Da ita za a yi misali a nan, amma galibin bayanin ya hau kan kowace nimoniyar bairos mai tsanani.

Daga ina farin yake fitowa

Eksire da CT, wato injin da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, duk cunkushewar abu suke aunawa. Iska ba ta tare hasken injin, sai ta fito baƙa. Ƙashi yana tarewa, ya fito fari. Ruwa da tsoka suna tsakani. Lafiyayyen huhu kusan duk iska ne, shi ya sa yake fitowa baƙi, da fararen rassan jijiyoyin jini waɗanda ke ƙara siranta idan sun nufi gefe.

A cikin huhun babban mutum akwai 'yan jakunkunan iska tsakanin miliyan 300 zuwa 500. Bangon da ya raba iskar cikinsu da jinin da ke zagaye da su, a inda ya fi siranta, bai kai kashi 1 cikin 1000 na milimita ba, kuma ta nan oksijin ke tsallakawa cikin jini. Bairos ɗin korona yana shiga ƙwayoyin halitta ta wata ƙofa da ake kira ACE2, kuma cikin waɗanda yake kamawa akwai masu haɗa sinadarin da ke hana jakar mannewa idan an fitar da numfashi. Da sun lalace sai bangon ya kumbura, ruwa mai ɗauke da furotin ya fara tsattsafowa daga jijiyoyi zuwa cikin jakar, ƙwayoyin garkuwar jiki su biyo baya.

Muddin da sauran iska a jakar, wurin ba ya yin fari fat. Toka-toka yake yi, irin hazon hunturu da ya lulluɓe gari amma ana hango bishiyoyi ta cikinsa: a hoton CT, jijiyoyin jini da bangon hanyoyin iska suna nan ana ganinsu ta cikin dusashen wurin. Wannan hazon shi ne alamar farko. Idan ruwa da ƙwayoyi suka kori iskar gaba ɗaya, wurin ya yi fari har jijiyoyin su ɓace a ciki, to huhu ya daskare a nan. Abin da kan rage cikin farin shi ne waɗansu baƙaƙen rassa, wato hanyoyin iskar da ba su cika ba.

Injin CT yana ba kowane ɗigo lamba a ma'aunin Hounsfield, inda ruwa yake sifili, iska kuma 1000 ƙasa da sifili. Lafiyayyen huhu, bayan an shaƙi numfashi sosai, yana wajen 800 zuwa 900 ƙasa da sifili. Hazo kan taso zuwa tsakanin 700 da 300 ƙasa da sifili, daskarewa kuwa takan kai kusa da sifili ko ta haura. Ƙaramin bambanci irin wannan yana fitowa sarai a yankan CT mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, in dai an daidaita hasken hoton a allo don kallon huhu. Eksire kuwa yana tara ƙirjin duka, daga nono zuwa gadon baya, ya mayar da shi inuwa ɗaya. Siririn hazon da ke manne da bayan huhu yana da wuraren ɓuya da dama: bayan zuciya, bayan tudun tantanin da ya raba ƙirji da ciki, da inda haƙarƙari suka haɗu.

Yadda hoton ke sauyawa da kwanaki

A Fabrairun 2020 mujallar Radiology ta buga binciken da likitocin asibitin Mount Sinai na New York suka yi tare da takwarorinsu na Sin a kan mutum 121. A cikin 36 da aka yi wa CT a kwanaki 2 na farko, 20 hotonsu lafiya lau ya fito, wato kashi 56 cikin 100. A waɗanda aka ɗauka tsakanin rana ta 3 da ta 5, kashi 9 ne kawai hotonsu ya fito tas, daga rana ta 6 zuwa ta 12 kuma kashi 4. Kamun huhu biyu ma haka ya riƙa hawa: kashi 28, sai 76, sai 88. CT ke nan fa, injin da ya fi kowane ido a wannan aiki, ya kasa ganin komai a fiye da rabin masu ciwon a farkonsa.

Wani binciken daga asibitin Union na Wuhan ya bi mutum 21 yana maimaita musu CT kusan duk bayan kwana 4, ya fitar da matakai huɗu da har yau ake koyarwa. Daga ranar farko zuwa ta 4, hazo ne, ƙanana ko zagayayyu, a gefen huhu daf da tantaninsa, galibi a sassan ƙasa ta baya, a ɓangare ɗaya ko biyu. Daga rana ta 5 zuwa ta 8 hazon ya yaɗu zuwa wasu sassan, kuma siraran layuka masu saƙe da juna su bayyana a cikinsa, alamar bangon da ke tsakanin ƙananan yankunan huhu ya yi kauri. Daga ta 9 zuwa ta 13 daskarewa ta yi rinjaye, kuma wajen rana ta 10 ne ɓarnar ta fi faɗi. Daga ta 14 farin ya fara narkewa, ya bar zare-zare da lanƙwasassun layuka a gefe. Waɗannan mutum 21 duk sun warke, babu wanda numfashinsa ya sarƙe ƙwarai. Ga masu tsanani, mako na biyun nan ne hanya take rabuwa. Rahoton farko daga asibitin Jinyintan, wanda mujallar Lancet ta buga ranar 24 ga Janairun 2020 a kan mutum 41, ya nuna haki yana farawa ne a wajen rana ta 8, mummunar sarƙewar numfashi a ta 9, shiga sashen kulawa ta musamman kuma tsakanin ta 10 da ta 11. A cikin 41 ɗin, 40 huhu biyu ciwon ya kama.

Akwai ƙananan alamu da ke ƙara ƙarfin zato idan an gan su: jijiyar jini da ta kumbura fiye da maƙwabtanta a tsakiyar hazo, ko zoben daskarewa da ya kewaye hazo a tsakiya, wanda yakan fito a mako na biyu. Abin da ba a gani ma yana da nasa nauyin. Taruwar ruwa a tantanin huhu, kaluluwa a tsakiyar ƙirji, rami a cikin huhu, da ƙananan ɗigo-ɗigo da ke bin rassan iska, duk ba kasafai suke zuwa a farkon korona ba. In sun bayyana, a nemi wani ciwon, ko a zaci wani ya hau kan na farko. A MERS dai an fi ganin ruwan tantanin, kuma yakan zo da mummunan sakamako.

Eksire yana bin wannan jerin, amma a makare. A Hong Kong an duba mutum 64, aka ga hoton farko ya nuna matsala a kashi 69 ne kawai, yayin da gwajin PCR na farko, wanda ke neman bairos ɗin kansa, ya kama kashi 91. Hoton ya fi muni tsakanin rana ta 10 da ta 12, ruwa a tantani kuwa kashi 3 kacal.

Tun da komai ya rataya a kan kwanaki, ƙidayarsu aiki ne da ake yi da natsuwa. Idan ɗan mara lafiya ya ce "jiya abin ya fara", sau da yawa hakin yake nufi, alhali uban ya kwana shida yana zazzaɓi, an sayo masa maganin maleriya a kemis, ya sha ya ɗan lafa. Ranar zazzaɓin farko, ko ciwon jiki, ko ɗaukewar jin ƙanshi, ita ce rana ta 1. A ɗaure tambayar da abin da mutum ba ya mantawa: "Baba, ranar da kuka fara jin jikin nan, kafin Juma'ar da ta wuce ne ko bayanta? Kun samu fita masallaci?" Amsar da za a samu nan ta fi "kwana biyu ke nan", wanda kowa ya san yana iya zama mako guda.

Ta ɗaya gefen kuma hoto na iya fin mai shi muni. A jirgin ruwan Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, an yi wa mutum 104 masu ɗauke da cutar CT. A cikin 76 da ba sa jin komai, kashi 54 an ga hazo a huhunsu. Sannan tun da nau'in Omicron ya bayyana a ƙarshen 2021, kuma rigakafi ya yaɗu, sanannen hoton nan na hazo a gefe ya ragu, an fi ganin kaurin bangon hanyoyin iska ko hoto mai tsabta.

Karanta eksiren a kusa

A ɗauki misalin eksiren mutum mai shekara 55 a rana ta 6. Kallon farko babu abin da zai ja ido: zuciya daidai girmanta, saman huhu baƙi wuluk, kusurwar ƙasa inda haƙarƙari ya haɗu da tantanin ciki tana nan da tsininta. Sai a raba kowane huhu gida uku daga tsakiya zuwa gefe, a zuba ido a kason waje, a riƙa gwada dama da hagu a tsayi ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. A lafiyayyen hoto, jijiyoyi suna ƙarewa kafin su kai bango, su bar siririn fili baƙi yana bin cikin haƙarƙari. A wannan hoton, daga tsakiyar huhu zuwa ƙasa, filin nan ya dusashe ya zama toka, gefen jijiyoyin da ke kusa ya daina fitowa tsaf, kuma haka abin yake a ɓangarorin biyu ko da ɗaya ya fi ɗaya. Daga nan a leƙa ta cikin inuwar zuciya: ya kamata a ga jijiyoyin huhun hagu da layin tantanin ciki sun ratsa ta bayanta har zuwa ƙashin baya. In layin ya ɓace, akwai abu a sashen ƙasa na hagu. Mai gaggawa zai rubuta "babu matsala" a kan wannan hoton, kuma bayan kwana 4 a dawo da mutumin ranga-ranga.

Kuskure ta ɗaya hannun ma yana da yawa, kuma galibi daga ɗaukar hoton yake tasowa. Hoton da ake so shi ne na tsaye, ƙirji manne da faranti, injin a baya da tazarar santimita 180, an cika huhu da iska. Mai tsananin ciwo ba ya iya wannan, sai a turo injin tafi-da-gidanka a ɗauka daga gaba yana kishingiɗe. A irin wannan hoton zuciya takan yi girman da ba nata ba, allon kafaɗa ya shigo kan huhu, kuma tun da mai haki ba ya iya riƙe numfashi, ƙasan huhu ya takure ya yi fari-fari. Kafin a ce hazo ne, a ƙirga haƙarƙari: a ga 6 ta gaba, ko 9 zuwa 10 ta baya, a saman tantanin ciki. A duba ko kawunan ƙasusuwan wuya biyu suna da tazara ɗaya daga ƙashin baya, domin in mutum ya karkace, huhu ɗaya zai fi ɗaya haske ba tare da ciwon komai ba. Inuwar nono da ta ƙiba suna dusar da ƙasan huhu daidai wurin da ake neman ciwon. Bambancin shi ne inuwarsu takan zarce har wajen haƙarƙari, hazon huhu kuwa ba ya ƙetare bango.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a asibitocin da ba su da likitan hoto: a ɗaga fim a jikin taga, a ɗauka da waya, a tura wa wani ta WhatsApp. Dabara ce ta rashin yadda za a yi, kuma tana ceton rai idan karaya ce ko huhun da ya sace. Amma siririn hazo shi ne abu na farko da ke ɓacewa idan manhajar ta matse hoton, ko hasken tagar ya fi ƙarfi a gefe guda. In ba makawa, a ɗora fim ɗin a akwatin haske, a kashe fitilar ɗaki da ta waya, a tura shi a matsayin fayil don kada a rage masa inganci, a haɗa da ranar ciwo da awon oksijin, wato kaso cikin 100 da na'urar da ake maƙala wa yatsa ke nunawa.

CT ma yana da nasa tarkon. Mutumin da ya jima kwance rigingine, bayan huhunsa kan ɗan danne ya yi kama da hazo. In aka kifa shi rub da ciki aka sake ɗauka, na ƙarya ya ɓace, na gaskiya ya zauna. In an ɗauka yana fitar da numfashi, huhun duka zai yi toka, kuma ana ganewa da bangon bayan maƙogwaro da ya lotsa ciki. Ga mai haki, gara a fara ɗaukar daga ƙasa zuwa sama, domin a gama da inda ciwon yake kafin numfashin ya ƙwace masa.

Kama da wane ba wane ba ce

Hoto ba ya faɗin sunan ƙwayar cuta. Mura mai tsanani, da adenobairos, da nimoniyar ƙyanda, duk suna iya ba da hazo a huhu biyu. A ƙasar Hausa kuma jerin abin da ke kwaikwayon wannan hoton ya bambanta da na Wuhan ko Milan, kuma kuskure a nan yana kashewa.

Na farko ruwan da gazawar zuciya ke tarawa a huhu. Shi daga tsakiya yake farawa ya bazu, zuciya ta yi girma, jijiyoyin sama su cika, gajerun layuka a kwance su fito a gefen ƙasa, sau da yawa da ruwa a tantani ta ɓangare biyu, kuma yakan ragu cikin kwana ɗaya ko biyu da maganin sa fitsari. Mai jego da ta zo da haki da kumburin ƙafa a Kano ko Zariya ko Sakkwato, a fara tunanin zuciyarta, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka bayyana yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a wannan yanki. Tarin fuka ya fi son saman huhu, da rami, da ɗigo-ɗigo masu bin rassan iska, ko ƙananan ƙwayoyi da suka watsu ko'ina, kuma tarihinsa na makonni ne, da rama da gumin dare. Ga mai cuta mai karya garkuwar jiki wanda ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka yi ƙasa da 200, nimoniyar PCP, wadda wani nau'in fangas ke haddasawa, tana ba da hazo mai faɗi sosai, sai dai ta fi zama a tsakiya da sama, ta bar gefen. Maganinta daban ne, don haka gwajin HIV ga mai irin wannan hoto wajibi ne. Mai sikila da ya zo da zazzaɓi da ciwon ƙirji da sabon fari a ƙasan huhu, a ɗauke shi a matsayin mai rikicin ƙirji na sikila, wanda kan buƙaci ƙarin jini, ko da bairos ne ya tayar da shi. Nimoniyar bakteriya takan cika sashe guda fat, ta tsaya cak a iyakarsa. Maleriya mai tsanani da zazzaɓin Lassa su ma suna iya cika huhu biyu da ruwa.

Wannan ne ya sa aka yi ta jayayya a kan CT a farkon 2020. Binciken asibitin Tongji na Wuhan a kan mutum 1014 ya nuna CT ya kama kashi 97 na waɗanda PCR ya tabbatar, amma a cikin waɗanda PCR bai nuna ba, kashi 25 kawai ya wanke. A tsakiyar Fabrairu lardin Hubei ya fara ƙirga waɗanda aka gano ta hoto da alamun ciwo, adadin rana ɗaya ya yi tsalle zuwa kusan 15,000, bayan kamar mako guda aka janye tsarin. A garin da annoba ta mamaye kuma kayan gwaji suka yi ƙaranci, matakin yana da hujja. A inda masu ciwon ba su da yawa, yawancin hazon da za a gani na wasu cututtukan ne. Ranar 11 ga Maris 2020 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, ACR, ta ce kada a yi amfani da CT wajen tantance jama'a ko a matsayin gwajin farko. A Afrilu ƙungiyar Fleischner ta ƙwararrun hoton ƙirji ta fayyace: mai ƙaramin ciwo ba ya buƙatar hoto sai in yana cikin haɗarin taɓarɓarewa, mai matsakaici ko tsanani a yi masa, haka wanda numfashinsa ke ƙara lalacewa. Wannan matsaya daidai ce, musamman inda iyali ke biyan kuɗin CT daga aljihunsu. Hasken da jiki ke sha a CT ɗaya na ƙirji ya kai na eksire wajen 60, kuma tura mai awon oksijin 85 a mota zuwa wani gari don a ɗauki hoto ya fi rashin hoton haɗari.

Sikanin a bakin gado

Injin sikanin da ake duba masu ciki da shi yana iya duba huhu, kuma ga ciwon da ke manne da gefe ya fi eksire ido. Ana amfani da lanƙwasasshen kan nan na duba ciki, mai megahaz 3 zuwa 5, a sa zurfin wajen santimita 10 zuwa 12, a ɗora shi a tsaye ya haɗa haƙarƙari biyu. Tsakanin inuwarsu, ƙasa kaɗan, za a ga farin layi yana zamewa da numfashi, shi ne tantanin huhu. A lafiyayyen huhu layin santsi ne, kuma yana maimaita kansa a kwance zuwa ƙasa da tazara ɗaya. Idan huhu ya jiƙe, fararen layuka ne za su sauko a tsaye daga tantanin har ƙarshen allo, suna kaɗawa da numfashi. Uku ko fiye a tsakanin haƙarƙari biyu matsala ce. A nimoniyar bairos layukan kan haɗe su zama farin labule, tantanin ya yi kaushi da tsinke-tsinke, da ƙananan daskararrun wurare a ƙarƙashinsa, kuma, abin da ya fi amfani, da lafiyayyun wurare a tsakanin masu ciwo. A ruwan zuciya layukan a jere suke ko'ina a ɓangarori biyu, tantanin kuma santsi. Ana duba wuri 12, shida a kowane gefe, gaba da hammata da baya, sama da ƙasa. Wanda ya tsaya a gaba kawai don juya mara lafiya na da wuya ya bar wurin da ciwon ke farawa. Iyakar sikanin ita ce ba ya ganin abin da bai taɓo tantani ba.

Daga Afirka wannan hanya ta sami gindin zama. Ma'aunin Berlin na 2012 na gano mummunar sarƙewar numfashi, ARDS, yana buƙatar fari a huhu biyu a eksire ko CT, da awon iskar jinin jijiya, da injin numfashi. A asibitin koyarwa na Kigali a Ruwanda aka gwada sauƙaƙƙen ma'auni, aka buga a 2016: sikanin na iya maye gurbin eksire, na'urar yatsa ta maye gurbin awon jini, ba a kuma sharɗanta injin ba. A cikin manya 1046 da aka kwantar, 42 suka cika sharuɗɗan, rabinsu suka rasu, kuma da ma'aunin Berlin ba za a iya gano su ba. Sabon ma'aunin duniya na 2023 ya karɓi wannan gyara. Lissafin ba wuya: a raba awon oksijin na yatsa da kason oksijin da mutum ke shaƙa. Iskar ɗaki 0.21 ce, lita 4 ta robar hanci kuma wajen 0.36. Mai awo 92 a lita 4 ya sami kusan 256, kuma duk abin da bai haura 315 ba, tare da jiƙewar huhu biyu da ba ta zuciya ba, ya shiga ma'aunin.

Oksijin ke yanke hukunci

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran nimoniyar babban mutum mai tsanani idan awon oksijin ya gaza 90 a iskar ɗaki, ko numfashi ya haura 30 a minti, ko ana ganin wahalar numfashi ƙarara. Faɗin fari a hoto ba ya cikin sharuɗɗan. Gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 cewa maganin rage kumburi dexamethasone, miligiram 6 a rana har zuwa kwana 10, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Ba wa mutum wannan magani don an ga hazo a CT alhali awonsa 97, cutarwa ce, balle in yana da ciwon suga ko tarin fuka a ɓoye. Na'urar yatsar ma a yi mata uzuri: binciken Jami'ar Michigan na Disamban 2020 ya gano cewa idan ta nuna 92 zuwa 96, kusan kashi 12 na awon baƙaƙen fata ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba, a farare kuwa ƙasa da kashi 4. Mai awo 93 da ke numfashi 32 a minti, a gaskata numfashinsa.

Ba a maimaita hoto kullum don al'ada. Ana maimaitawa idan an sa bututu, don a tabbatar bakin na numfashi yana wajen santimita 5 a saman inda maƙogwaro ya rabu biyu, kuma na abinci ya sauka ciki. Ana maimaitawa idan mutum ya rikice farat ɗaya, a nemi huhun da ya sace ko iskar da ta tsere zuwa tsakiyar ƙirji da ƙarƙashin fatar wuya, wadda ke ƙaras-ƙaras in an taɓa. Idan oksijin ya faɗi, bugun zuciya ya hau, amma eksire bai canza ba, a zaci gudan jini ya toshe jijiyar huhu. CT na gama-gari ba ya nuna shi, sai wanda aka yi da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. Sabon zazzaɓi da sabon fari a sashe guda bayan an fara samun sauƙi yana nuna bakteriya ta hau. Don gwada hoton yau da na shekaranjiya, tsarin Brixia na Brescia a Italiya yana da sauƙi: a raba huhu gida 6, a ba kowane maki 0 zuwa 3, jimla 18.

Wajen warkewa ma hoto a baya yake tafiya. Mutum na iya tashi yana cin abinci, an cire masa oksijin, eksirensa na nan da fari, kuma wannan ba dalilin ci gaba da riƙe shi ko ƙara masa maganin bakteriya ba ne. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta ba da shawarar a sake eksire bayan mako 12 ga wanda aka kwantar da nimoniyar korona. In a lokacin farin bai washe ba, ko haki bai tafi ba, a yi awon ƙarfin huhu da CT don a duba tabo. In kuwa abin da ya rage a saman huhu yake, ko tari ya ƙi tsayawa, ko mutum na ramewa, a karɓi majinarsa a kai gwajin GeneXpert na tarin fuka ba tare da an jira mako 12 sun cika ba.